Makka da Ƙafa: Abubuwan Mamaki Daga Tsohuwar Hanyar Gabas

Jirgin alhazai da ya ɗaga daga Kano yakan sauka Jidda cikin awa biyar ko ƙasa da haka. Tazarar Kano da Makka a miƙe kimanin kilomita 3,500 ce. Mutanen da suka taka wannan tazara da sawunsu ba su san miƙe ba, kuma da damina suke lissafi. Mai sauri ya yi damina biyu ko uku, wani bakwai. Wani ya fita gemu baƙi ya dawo da furfura. Wani kuwa jikokinsa ne ke can tsakiyar hanya har yau.

Tafiya kafin tafiya

Mu da muke zaune Fegge a Anacha, da 'yan'uwanmu na Inugu da Fatakwal, da a zamanin ƙafa muke, akwai wata doguwar tafiya a gabanmu kafin ma a ce an fara. Daga Anacha zuwa Kano ta hanyar mota ya haura kilomita 800, ga Binuwai a tsakani. Gadar jirgin ƙasa ta Makurɗi sai a 1932 aka buɗe ta. Kafin nan, ko jirgin da ya taso daga Fatakwal ya ratso Inugu, in ya zo bakin kogi sai an ɗora taragonsa a kan jirgin fito an haye da su. Dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964, lokacin da jirgin sama ya riga ya fara kwashe alhazai. Wato jirgin ƙasa ya isa ƙofar gabas ne bayan kasuwa ta fara watsewa.

Sallamar da ba a sa ranar dawowa

Maniyyaci ba ya fita sai ya biya bashi, ya mayar da ajiya, ya yi wasiyya, ya bi gida gida neman gafara. Wani ya sallami matarsa don kada ya bar ta a rataye, wani ya tafi da ita da 'ya'ya da jaki da tukunya. Rakiyar da ake yi masa zuwa bayan gari ba ta da maraba sosai da ta gawa, don kowa ya san da yawa daga masu rakiyar da wanda ake rakawa ba za su sake haɗuwa ba. Darajar sunan Alhaji daga nan ta samo asali. Gari guda ana iya ƙirga alhazansa da yatsun hannu ɗaya, kuma kowannensu ya ga abin da sarkin garin bai gani ba.

Guzurin yana cikin hannu

Talakan da ya nufi gabas ba ya tara kuɗin hanya a gida. A hanya ake nemansu. Wanzami ya ɗauki zabirarsa, baduku ya ɗauki basillarsa, malami allo da tawada, mahauci wuƙa da tsinke. Wanda ba shi da sana'a ya yi ga-ruwa, ko itace, ko yankan farce, ko ƙodago a gonar wani. Mata su yi ƙosai da ƙuli-ƙuli da kitso. Tsarin tafiyar ma na manomi ne: in ruwa ya sauka a tsaya a ari gona a yi shuka, in an girbe a sayar a ƙulla kaya, a yi gaba da sanyin hunturu. Shi ya sa tafiyar da ƙafa za ta iya ci cikin watanni take cin shekaru. Ga kuma watan Zulhajji da ke matsowa baya da kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Wanda ya makara da mako guda a bakin teku, sai ya nemi aikin yi, don sai baɗi.

Sunayen zanguna

Hanyar da aka fi bi a ƙarni na 20 ga ta: Kano, Maiduguri, Dikwa, Kusuri, a haye kogi zuwa Fort Lami (sunanta ya koma Njamena a 1973), sai Ati, Abeche, Adire, a shiga ƙasar Darfur ta Jinena, sai Fashir, Nuhud, Ubayyid, a gangara bakin Nilu, daga nan a nufi Sawakin a gaɓar Bahar Maliya. Kusan kowane ɗaya daga waɗannan garuruwa yana da unguwar Hausawa, da sarkin zango, da masallaci, da mai masauki da zai nema wa baƙo ɗaki da aiki, ya kuma gaya masa wace rijiya ce ta ƙafe a gaba. Duk wanda ya san yadda yaro ke saukowa daga motar shanu a Anacha ba ya jin ko kalmar Ibo ɗaya, kafin magariba ya samu wurin kwana da wanda zai tsaya masa, ya riga ya san yadda aka gudanar da hanyar Makka.

Wannan ba ita ce tsohuwar hanya ba. Kafin ta, manyan ayarori arewa suke yi: Agadas, Gat, Murzuk a ƙasar Fezzan, Aujila, Siwa, har Alƙahira, inda za su shiga ayarin Masar mai rakiyar rigar Ka'aba. Waccan hanyar mai raƙumi ce, ta sarakai da attajirai da manyan malamai. Ta gabas ita ce ta mai jaki da mai sanda, domin akwai gari da gona a jere, mutum na iya tsayawa ya nema.

Kukar da ke shayar da ayari

A yammacin Kurdufan, yankin Nuhud, akwai tafiyar kwanaki da babu kogi babu rijiyar kirki. Mutanen wurin sai suka mai da bishiyar kuka rumbun ruwa. Sukan rarake cikinta daga sama, su yi ɗan gurbi a gindinta inda ruwan sama zai taru, sannan mutum ya hau reshe da guga yana ɗebowa yana zubawa ciki har ta cika. Babbar kuka tana riƙe dubban litoci, ruwan ya kai rani bai lalace ba, bishiyar kuma tana nan da ranta tana fid da ganye. Kowace tana da mai ita, ana gadonta, ana shari'a a kanta, ana sayar wa matafiya ruwanta. Inda babu kuka kuma kankana ce ruwan mutum da na dabba. Bahaushen da ya taso bai san kuka da wani aiki ba sai miya da igiya, ya je can ya tarar ita ce tsakaninsa da mutuwa.

Audugar Ingila, hajjin Bakano

A 1925 Turawan Ingila suka gama madatsar ruwa ta Sinnar a kan Shuɗin Nilu, suka buɗe gonakin auduga na Jazira. Gona ta samu, hannu ya yi ƙaranci. Su wa za su yi tsinka? Maniyyatan Afirka ta Yamma, waɗanda mutanen Sudan ke haɗa su duka, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare, su kira su Fallata ko Takari. Audugar da suka tsinka ita ke tafiya masaƙun Lankasha, ladan kuma ya zama kuɗin jirgin ruwan Jidda. Gwamnatin da ke ƙorafin yawan baƙi marasa takarda ita ce dai ke buƙatarsu in kaka ta yi. Daga baya gonakin dawa na Gadarif su ma suka riƙe nasu rabon.

Teku ta fi daji haɗari

Daga Sawakin zuwa Jidda kilomita 300 ne da ɗoriya. Ɗan wannan tsakanin ya ci mutanen da suka tsira daga ƙishin Darfur. Hanyar hukuma tana buƙatar fasfo, da allura, da zaman killacewa, da kuɗin ajiya na dawowa. Wanda ba shi da su sai ya bi masu kwale-kwalen iska, su ɗauke shi da dare daga wani lungun gaɓa, a Sudan ko wajen Masawwa, su sauke shi kudu da Jidda, wajen Lis ko Ƙunfuda, ya ƙarasa da ƙafa. Marasa imani daga cikinsu sukan sauke mutane a tsibirin da babu ruwa su ce musu an iso. Kuma wanda ya isa lafiya bai gama tafiya ba. Makka zuwa Madina ya haura kilomita 400, kuma talakan takari da ba shi da kuɗin hayar raƙumi bayan ayari yake bi a ƙasa.

Akwai abin da ba a son faɗa a wajen walimar alhazai. An sayar da mutane a wannan hanya. Wani ya taho da yara da sunan 'ya'yansa ko almajiransa, in guzuri ya ƙare a Hijaz ya rabu da ɗaya. Wata matar an aure ta ne a gida don a kai ta can a sayar. Saudiyya ba ta haramta bauta a hukumance ba sai 1962, shekara biyu bayan Nijeriya ta samu 'yancin kai.

Manyan da ba su isa ba

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai yi hajji ba. Yana saurayi ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, daga nan malamin ya wuce, shi kuma ya juyo domin bai nemi iznin mahaifinsa ba. Shahararriyar ƙasidarsa ta Larabci ta yabon Annabi da begen zuwa Madina ta buɗe, kuma bai taka garin ba har ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi, da ransa ya ɓaci da halin wasu 'yan jihadi, ya kama hanyar gabas a 1807. Kano ta tare shi. Ya zauna ya karantar, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, littafin tsarin mulki, sannan ya koma gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma bai je ba. Wanda ya je ya dawo ta wurinsu shi ne Alhaji Umarul Futi, ya zauna shekaru a Sakkwato, ya auri 'yar Bello, bai bar garin ba sai bayan rasuwar surukinsa a 1837.

Sarakunan Kanem da Barno kuwa su ne gwanayen zuwa hajji. Mai Dunama ɗan Hume na Kanem, a ƙarni na 12, ya yi hajji biyu, a na uku ya nutse a Bahar Maliya. A ƙarni na 13 mutanen Kanem har masauki da makaranta suke da su a Alƙahira domin alhazansu da ɗalibansu, fiye da shekara saba'in kafin Mansa Musa ya zo a 1324 ya karya farashin zinariya.

Garin da aka kafa da niyyar wucewa

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas. Abin da ya firgita Turawa shi ne yadda jama'a suka riƙa barin gonaki da garuruwa suna bin sa, domin an daɗe ana faɗin cewa a ƙarshen zamani jama'ar Shehu za su yi hijira zuwa bakin Nilu. A Burmi, ƙasar Gombe ta yau, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli, aka kashe shi tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja waɗanda suka rage, suka ratsa ƙasar Cadi da Sudan, suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar. Garin yana nan, sunansa Mai Wurno, da sarkinsa daga zuriyar Shehu. Wani daga cikin waɗanda suka tsira daga Burmi, Alfa Hashim, ɗan ɗan'uwan Umarul Futi, shi ya ƙarasa har Madina, ya zama madogarar alhazan Afirka ta Yamma a can.

Wani masanin halayyar al'umma, Bawa Yamba, ya zauna cikin ƙauyukan Hausawan Sudan, ya fitar da littafi a kansu a 1995. Abin da ya ba shi mamaki shi ne mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a wurin, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne, Makka za su, Allah ne bai kawo lokaci ba. Wasu ma ba sa son gina gida mai ƙarko don kada ya zama sun zauna. Ni dai ban ga abin dariya a nan ba. Ka tambayi dattijon da ya shekara arba'in yana sayar da albasa a Anacha ko ɗan ina ne, ka ji ko zai ce nan.

Bakatsinen da ya koyar da lissafi a Masar

Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi ya bar ƙasar Katsina ya yi hajji, a kan hanyar dawowa ya tsaya Alƙahira, tsayawar ke nan. A 1732 ya rubuta littafi kan yadda ake gina hatimin lissafi, wanda duk layin da ka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla ɗaya zai ba ka. Masana tarihin lissafi suna nazarinsa har yanzu. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma shi ya bar wa littattafansa.

Hanya mafi kusa ta bi ta Landan

A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi hajji yana kan gadon sarauta. Gabas ake nufi, amma kudu ya yi: jirgin ƙasa zuwa Ikko, jirgin ruwa zuwa Ingila, inda ya gana da Sarki George na Biyar, sannan ya gangaro ta mashigin Suwez zuwa Jidda. Ya zagaya rabin duniya ya dawo gida cikin watanni. Talakan da ya fita Katsina rana ɗaya da shi, ta hanyar da ta fi gajarta a taswira, wataƙila a lokacin yana noman gero a ƙasar Wadai.

Wapa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa canjin dala a Kano ya san Wapa, a Fagge ta Kano, takwarar tamu. Kaɗan ne suka san cewa sunan na kamfanin jigilar alhazai ne da Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa, Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa a 1948. Da manyan motoci suka fara, suna kai maniyyata ta Cadi zuwa inda dogon Sudan ya tsaya, daga baya suka koma shatar jirgin sama. Mota ta mai da shekaru watanni, jirgi ya mai da watanni awoyi. Gwamnatin tarayya ta karɓi ragamar aikin da hukumar alhazai a 1975, hukumar NAHCON ta yanzu kuma a 2006 aka kafa ta. Duk da haka har cikin shekarun 1970 ana samun masu bin ƙasa, wasu don rashin kuɗi, wasu don sun yi imani ladan yana cikin wahalar. Hujjarsu ba ta da nisa: aya ta 27 a Suratul Hajji ta ambaci masu zuwa da ƙafa kafin ta ambaci masu abin hawa.

Jikokin masu sanda

A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, tawagar Saudiyya ta zo da 'yan baya uku masu suna Hausawi: Usama, wanda shi ne kyaftin, da Umar, da Mu'utaz. A watan Mayun 2023 mace ta farko 'yar Saudiyya ta tafi tashar sararin samaniya, sunanta Rayyana Barnawi, nasabar da ke komawa Barno. Shaikh Umar Fallata, wanda ya shafe shekaru yana karantar da hadisi a masallacin Madina, a kan hanyar hijirar iyayensa aka haife shi, dab da Makka. Tsire ma ya yi hajji: ana gasa shi da ƙuli a Makka da Jidda, a Khartum kuwa agashe ya zama abincin dare na kowa da kowa. Alhajin da ya leƙa Shara Mansur a Makka zai sha fura, ya sayi goro, ya yi ciniki da Hausa tsantsa da wanda bai taɓa ganin Kano ba.

Masu tattakin zamani

Senad Hadzic ya taso daga Bosniya ya isa Makka a 2012, ya ratsa Siriya ana tsakiyar yaƙi. Adam Muhammad ya bar Wolverhampton a Ingila a watan Agustan 2021 yana tura amalanken kayansa, ya yi kilomita 6,500, ya riski hajjin 2022. Shihab Chottur ya fito daga Kerala ta Indiya a watan Yunin 2022, ya yi kilomita 8,640, amma watanni kusan huɗu daga cikin tafiyar a zaune ya yi su a iyakar Pakistan yana jiran biza. A nan gida kuwa, tattakin da ya yi suna na siyasa ne, wanda Sulaiman Hashimu ya yi daga Ikko zuwa Abuja a 2015 don murnar zaɓen Buhari. Allah Ya ba kowa ladan niyyarsa. Sai dai waɗannan da waya a hannu suke tafe, duniya na kallo, ana tarbarsu da ruwan gora. Tsohuwar da ta goyo jika daga Haɗeja zuwa Sawakin ko sunanta ba a rubuta ba.

Hanyar a yau

Ko da wani ya ɗaura niyya yanzu, biza ta hajji ta hukuma ake samu, kuma kusan kowane zango na tsohuwar hanya ya shiga labarai ta mummunar ƙofa. Dikwa da Gamborun Ngala sun sha hannun Boko Haram. A watan Yulin 2022 rikicin ƙabilanci ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, aka kashe Hausawa da dama, aka ce musu baƙi a inda aka binne kakanninsu. Tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi, Fashir ta sha ƙawanya fiye da shekara guda. Tsakanin Jinena da Adire, kimanin kilomita 30, har yanzu ana takawa da ƙafa, da yara a goye da kaya a ka. A watan Yunin 2023 dubun dubatar mutane suka bi ta cikin 'yan kwanaki, suna gudun kisa, sun nufi Cadi.